Maganin Tsutsar Ciki Ga Karnuka: Wanne, Kuma Nawa?

Yau kare ne a gabanmu: na maharbi, na makiyayi, da wanda ke gadin gida cikin dare.

Duk mai kiwon karnuka ya san kamannin kwikwiyon da tsutsa ta cinye. Ciki ya kumbura, haƙarƙari a waje, gashi ya yi buzu-buzu, in an ɗaga leɓensa sai a ga dasashin ya yi fari fat. Sau da yawa tun yana cikin uwarsa macijin ciki ke shiga jikinsa, wata tsutsar kuma ta nono yake shan ta. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa a fara ba kwikwiyo magani tun yana da mako 2, a maimaita duk bayan mako 2 har ya kai wata 2, daga nan sau ɗaya a wata har ya cika wata 6. Ita ma karyar da ke shayarwa a ba ta tare da 'ya'yanta.

To, wane magani? Nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe, domin tsutsar ba iri ɗaya ba ce. Macijin ciki da ƙaramar tsutsar nan mai maƙalewa a hanji tana tsotsar jini, pyrantel ko fenbendazole na maganinsu. Amma tsila, mai fitowa gutsi-gutsi kamar ƙwayar shinkafa a kashin kare ko a ƙarƙashin wutsiyarsa, praziquantel take ji. Akwai ƙwayoyin da aka haɗa magunguna biyu ko uku wuri guda, kuma sunayensu na rubuce a jikin kwali. A karanta, a duba lambar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne allurar shanu. A kasuwannin dabbobi, ba wuya a ga an zuƙo ivermectin daga kwalbar da aka tanada don garke, an tsira wa kare bisa kintace. Magani ne mai daraja, har masanan da suka gano shi, Satoshi Omura da William Campbell, sun sami kyautar Nobel a 2015. Sai dai na shanun yana da ƙarfi: mililita 1 na dabba mai kilo 50 ne. A ce an ba kwikwiyo mai kilo 3 wannan adadin! Sai dalalar da yawu, tangaɗi, makyarkyata, makanta, wani ma ya sume bai farfaɗo ba. Wasu karnukan Turai, irin su Collie, ko kaɗan ɗin ma yana iya illata su, saboda wani lahani da suka gada. Bayan duk wannan kasada, ivermectin ba ya kashe tsila. Albendazole na tumaki ma ba abin wasa ba ne, domin yana iya taɓa ɓargon kare.

Don haka a auna kare kafin a ba shi komai. Kwikwiyo dai a sa shi a kwando a ɗora kan sikelin hatsi, a cire nauyin kwandon. Wanda ke gudawa da jini ko ya ƙi cin abinci, asibitin dabbobi za a kai shi, a duba kashinsa tukuna.

Maganar ba ta tsaya kan kare kaɗai ba, kuma wannan ɓangaren ya kamata mahauta su saurara da kyau. Idan aka feɗe rago ko raƙumi, wani lokaci akan tarar da ƙulli mai ruwa a hanta ko huhu. Al'adar da aka saba, a kwata ko ranar layya, ita ce a yanke wurin a jefa wa kare. Cikin ƙullin nan akwai 'ya'yan wata ƙaramar tsila. Za su girma a hanjin kare, ƙwansu ya fito a kashinsa, ya hau gashinsa, ya shiga ƙasar da yara ke wasa da lambun da ake cire latas. Mutumin da ya haɗiye ƙwan, irin wannan ƙulli ne zai yi ta girma a hantarsa shekara da shekaru, wani sai an yi masa tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 1 ke fama da wannan cuta a duniya, kuma shawararta ita ce a ba karnuka praziquantel aƙalla sau 4 a shekara.

Maganin yana kashe tsilar, amma ba ya kashe ƙwan da ke fita. Saboda haka a ɗaure karen kwana 2 zuwa 3 bayan ya sha, a kwashe kashinsa da shebur a ƙone ko a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Hanta ko huhu mai ƙulli, shi ma rami za a yi masa. A kuma kashe ƙumar jikin karen, domin irin tsilar nan mai kama da shinkafa ta hanyar haɗiye ƙuma take dawowa.