Yoga a Minna: abin da ya kamata ku sani kafin ku shimfiɗa tabarma

Tela a Kasuwar Kure yana yini a duƙe kan keken ɗinki. Mai Keke Napep yana ta kai kawo tsakanin Mobil da Bosso, ma'aikacin sakatariya kuma yana manne da kujera tun safe har la'asar. Sana'a daban-daban, amma kuka ɗaya: ciwon baya, sanƙarewar wuya, da rashin barci da dare. Shi ya sa idan bidiyon yoga ya faɗo a waya, ana lanƙwasa jiki ana cewa ciwo ya tafi, mutum yakan tsaya ya kalla.

Daga Indiya yoga ta fito, kuma tushenta yana cikin addinin Hindu. Littafin da ya fi shahara a kanta, na wani masani mai suna Patanjali, ya haura shekara 1,500. Wadda ta bazu a duniya yau galibi motsa jiki ce: a miƙe gaɓoɓi a tsaya a wani yanayi na ɗan lokaci, a sarrafa numfashi, a zauna shiru a tattara hankali. A Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, kuma ofishin jakadancin Indiya a Abuja yakan shirya taro a ranar.

Tana da amfani kuwa? Ga ciwon baya, ƙwarai. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sa ta cikin abubuwan da mai daɗaɗɗen ciwon ƙugu zai fara gwadawa kafin ya koma ga ƙwayoyi. Numfashin ma ba wasa ba ne: idan mutum ya ja iska ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake ta a hankali yana ƙirga shida, bugun zuciya yakan lafa, hankali ya kwanta. Sai dai masu tallar intanet suna ƙara gishiri. Yoga ba ta warkar da hawan jini ko ciwon suga, kuma duk wanda ya ce ku ajiye maganinku saboda ita yana wasa da ranku ne.

Amfanin yana ga ɗorewa. Jikin da ya shekara goma a sanƙare ba ya sakewa a yini ɗaya, kuma in aka bar shi mako biyu ko uku sai ya koma gidan jiya. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar sau ɗaya a wata. A Minna lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan asuba, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke kusantar digiri 40, kuma a lokacin ciki bai cika ba. Tabarma ta isa. Ku durƙusa bisa gwiwoyi da tafukan hannu, ku ɗaga tsakiyar baya sama kuna sakin numfashi, sannan ku sauke ciki ƙasa ku ɗaga kai kuna jan iska, sau takwas ko goma, ba gaggawa. Jin jijiya tana miƙewa daidai ne. Jin suka ko kasala a ƙafa kuwa alamar a dakata ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, don haka a haɗa da tafiya da sauri, ko da zagayen unguwa ne.

Saura batun da ya fi damun mutanenmu, wato addini, kuma bai kamata a yi masa kwaskwarima ba. A wasu azuzuwan ana rera kalmomin ibadar Hindu, akwai kuma jerin motsi da aka gina a kan gaishe da rana. Saboda irin wannan ne majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta haramta wadda ke da waɗannan karance-karance, ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuwa ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Kiristoci ma suna da tasu muhawarar. A ganina rarrabewar da malaman Indonesiya suka yi ita ce mai ma'ana: miƙe baya da jan numfashi ba mallakar wani addini ba ne, amma Musulmin da ke neman natsuwar ruhi yana da salla da zikiri, Kirista yana da addu'arsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa ko fastonsa, ko ya nemi likitan gashin ƙashi ya koya masa motsin da babu wannan tarihi a bayansa.

Mai juna biyu, mai hawan jini, mai ciwon ido na gilakoma, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, kada su kwaikwayi tsayuwa da ka da suke gani a bidiyo. Su fara zuwa asibiti a auna su, su ji abin da likita zai ce.