Tashi da Faɗuwar Ƙananan Lu'ulu'un Teku

A ƙarni na 19, daga Landan har New York, kyautar da gidajen masu hali suke yayin ba amarya ita ce sarƙa da 'yan kunne da awarwaro na ƙananan lu'ulu'un teku, irin waɗanda faɗinsu bai kai milimita 2 ba, wato ba su kai ƙwayar gero ba. Akan yanka ɓawon kawa mai sheƙi a siffar fure ko ganye, a huda shi, sannan a ɗinke lu'ulu'un a kansa ɗaya bayan ɗaya da farin gashin wutsiyar doki, domin zaren siliki ya yi wa kafar kauri. Kafin tsakiyar ƙarni na 20 wannan ado ya koma kayan tarihi a Turai. Akasari ana danganta hakan da sauyin yayi, ko da lu'ulu'un kiwo da Japan ta fito da shi. Duka biyun suna da hannu, amma a ganina ginshiƙin da ya ɗauki wannan ado shi ne arhar guminsa. Da gumin ya yi tsada, sai ginin ya zube.

Ba kasafai ake shiga teku don neman ƙaramin lu'ulu'u ba. Masu nutso na Tekun Fasha da na mashigin Mannar, tsakanin Indiya da Sri Lanka, babba suke nema, wanda ƙwaya ɗaya za ta iya mayar da kuɗin tafiyar jirgi gaba ɗaya. Sai dai yawancin kawar da aka fasa babu komai a cikinta, wadda kuma aka samu wani abu, galibi 'yan mitsi-mitsi ne. Dillalai suna tace abin da aka samo da rariyar tagulla hawa-hawa. Wanda ya tsaya a sama a yi masa kuɗi ƙwaya-ƙwaya, wanda ya zube ƙasa a sayar da shi a kan awo, mafi ƙanƙanta ma a niƙa shi a yi magani a Indiya da Sin. Yawan ragowar nan ya danganta da girman sana'ar, sana'ar kuwa ta yi girma: a ƙididdigar da jami'in Birtaniya J. G. Lorimer ya tattara a farkon ƙarni na 20, jirage kusan 4,500 da maza kusan 74,000 ne suke fita nutso a Tekun Fasha. Sukan yi wajen wata huɗu a kan ruwa a tsakiyar zafi, daga Yuni zuwa Satumba. Mai nutso ya matse hancinsa da maƙali, dutse ya ja shi ƙasa, ya yi kamar minti ɗaya yana tsintar kawa, abokin aikinsa ya jawo shi da igiya, haka har rana ta faɗi. Ba albashi ake biyansa ba. Mai jirgi yana ba shi bashi kafin fita, a cire daga rabonsa bayan an sayar, kuma sau da yawa rabon ba ya rufe bashin, har ɗa ya gaji na ubansa. Da yawa daga cikin masu nutson bayi ne da aka kawo daga Afirka, ko 'ya'yansu.

Gumi na biyu a Indiya yake. Bombay ce babbar kasuwar da kayan Tekun Fasha suke sauka, a can da Hyderabad ake huda su da hannu. A yi tunanin aikin huda abin da yatsa biyu ke riƙewa da kyar, ba tare da ya fashe ba, sau dubu bisa dubu. Shimfiɗar Baroda ta nuna iyakar inda wannan arha ta kai. A 1865 Maharaja Khande Rao na Baroda, wanda Hindu ne, ya sa a yi ta da niyyar aikawa Madina a matsayin kyauta ga kabarin Annabi (SAW). An ƙiyasta ƙananan lu'ulu'un da ke jikinta sun kai miliyan ɗaya da rabi, ban da daiman da yakutu da zumurrudu. Ya rasu a 1870 ba a kai ta ba. A 2009 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonta a Doha a kan kusan dala miliyan 5.5, yanzu tana gidan tarihi na ƙasar Katar. Idan aka raba wannan kuɗi a kan ƙwayoyin, ko an manta da sauran duwatsun, kowace ba ta kai dala huɗu ba. Babu mai nutso, mai huda da mai ɗinki na yau da za su haɗu su samar da ita a wannan farashi.

Mai musu zai ce ai tarihin a bayyane yake: Mikimoto Kokichi na Japan ya samu lu'ulu'unsa na kiwo na farko a 1893, zagayayyu suka cika kasuwar Turai a shekarun 1920, karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta ƙarasa sauran. Gaskiya ne, kuma faɗuwar ta yi muni. Sarƙar lu'ulu'u mai layi biyu da kamfanin kayan ado na Cartier ya musanya da katafaren gida a New York a 1917, lokacin ana yi mata kuɗi dala miliyan ɗaya, an sayar da ita a 1957 a kan dala 151,000. Sai dai babban lu'ulu'u Mikimoto ya kashe wa kasuwa kai tsaye, domin shi yake kiwo. Ƙananan ta bayan fage abin ya same su, ta hanya biyu. Da babba ya daina biyan kuɗin jirgi, jirage suka daina fita, ragowar rariya ta ƙafe. Sannan matar da a da ƙarfinta bai wuce ƙanana ɗari da aka harhaɗa su yi kama da abu mai girma ba, yanzu tana iya sayen manya na kiwo, waɗanda zura su a zare aikin yini ɗaya ne. Ko a nan ɗin ma lissafin aiki ne ya yanke hukunci. Bahrain ta haramta cinikin lu'ulu'un kiwo a ƙasarta tun 1928, amma dokar ba ta tsare masu nutso a sana'ar ba bayan an haƙo man fetur a 1932 kuma kamfani ya fara biyan lada a hannu.

Batun yayi ya fi wannan rauni. Tabbas ƙananan lu'ulu'u sun samu karɓuwa a kayan makoki na zamanin Sarauniya Victoria, musamman bayan mutuwar mijinta Albert a 1861, saboda ana kamanta su da hawaye, kuma salon shekarun 1920 ya fi son miƙaƙƙen layi da daiman. Amma yayi yana juyowa, an kuma sha dawo da salon Victoria da ƙarfe da gilashi. Abin da bai dawo ba shi ne ɗinkin gashin doki. A Indiya kuwa, inda ladan aikin hannu bai yi tashin da ya yi a Turai ba, ba a taɓa daina rataya ƙananan lu'ulu'u a gefen 'yan kunne da sarƙar amare ba.

Abin da ya rage na musu shi ne kasuwar yau, wadda ta cika da ƙanana masu arha. Waɗannan daga tafkunan kiwo na ƙasar Sin suke fitowa, musamman yankin Zhuji a lardin Zhejiang, inda kawar ruwan daɗi guda ɗaya kan ba da ƙwaya ashirin ko fiye, inji kuma yana taya hudawa. An rage gumin, adon ya samu hanyar dawowa a zare da waya. Wannan ya haifar da wata matsala ga masu tsofaffin kaya. Gashin doki yana bushewa ya karye, masu iya sake ɗinkin sun yi ƙaranci, kuma mai gyara yakan cike gurbin abin da ya zube da na kiwo. Rarrabe su sai a ɗakin gwaji irin DANAT da Bahrain ta kafa a 2017, inda ake leƙa cikin ƙwaya da hoton X-ray. Ko a can ƙananan da ake kira keshi, waɗanda ke fitowa a gonar kiwo ba tare da ƙwallon dashe a cikinsu ba, suna wahalar bambancewa da na asali, kuma kuɗin gwada ƙwaya ɗaya yana iya fin kuɗin ita kanta ƙwayar.