Wa Zai Amfana, Wa Zai Ji? Sabon Ma'aunin Kuɗin Bincike da Rabon Nguru da Gashuwa

A da, malamin jami'a mai neman kuɗin bincike tambaya biyu yake amsawa: me zai bincika, kuma ta wace hanya. Yau masu ba da tallafi sun ƙara masa wasu biyu: wa zai amfana da sakamakon, kuma ta yaya labarin zai isa kunnensa. Takardar da ta gaza a nan tana iya faɗuwa ko da iliminta ya kai. Ga malaman Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, da likitocin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, wannan sauyi dama ce babba, domin matsalolin da ake son a magance a ƙofar gidansu suke. Sai dai damar tana da sharaɗi, kuma tarihin yankin ya riga ya nuna sharaɗin.

Daga ina sauyin ya taso

Tushen maganar kuɗin haraji ne. Gwamnatocin da ke ɗaukar nauyin bincike sun fara neman hujjar da za su nuna wa masu zaɓe. A Amurka, hukumar kimiyya ta NSF ta mayar da amfanin jama'a ɗaya daga cikin ma'aunanta biyu tun 1997. A Birtaniya, tsarin tantance jami'o'i na REF ya ba tasirin bincike kashi 20 cikin ɗari na maki a 2014, ya ɗaga shi zuwa kashi 25 a 2021. Shirin Horizon Europe na Tarayyar Turai, mai Yuro biliyan 95.5 daga 2021 zuwa 2027, yana auna yawancin takardu da abu uku: ingancin ilimi, tasiri, da tsarin aiwatarwa.

A gida ma iskar ta kaɗo. Asusun Bincike na Ƙasa da ke ƙarƙashin TETFund ya tashi daga Naira biliyan 5 a 2019 zuwa biliyan 7.5 a 2020, sannan biliyan 8.5 a 2021, kuma shugabannin hukumar sun sha nanata cewa bincike mai warware matsala suke nema, sun gaji da kundin da ƙura ke ci a kanta. Wani dalilin kuma ƙarancin kuɗi ne. A 2021 Birtaniya ta rage tallafin da take ba ƙasashe daga kashi 0.7 zuwa 0.5 na kuɗin shigarta, ayyukan bincike da dama a Afirka suka tsaya cak, a 2025 kuma Amurka ta rufe hukumar USAID. Da masu nema suka yi yawa, abin rabo ya ragu, sai alƙalan takardu suka koma neman abin da zai bambanta gwani da gwani, sashen tasiri ya zama wurin raba gardama.

Abin da dausayi ya riga ya koyar

Yankin Nguru ya san wannan darasi tun kafin ya shiga fom. Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja zuwa Nguru da Gashuwa ta ragu. A 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, da hannun IUCN da ƙungiyar NCF ta Nijeriya da RSPB ta Birtaniya. Da farko tsuntsaye ne abin magana, har Yarima Philip na Birtaniya ya ziyarci matattarar tsuntsaye ta Dagona a 1989. Amma labarin agwagin da ke zuwa daga Turai ba ya sa mai riƙe da makullin madatsa ya saki ruwa.

Abin da ya sauya muhawarar lissafi ne. A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka ƙiyasta darajar shinkafa da kifi da itacen da mutanen fadama ke samu, suka kwatanta da aikin ban-ruwa na Kogin Kano. Suka nuna cewa idan da ruwan da aka kashe za a yi awo, abin da fadama ke bayarwa ya ninka na aikin ban-ruwa nesa ba kusa ba. Sun yi magana da harshen da ma'aikatar kuɗi ke ji. Wannan lissafi ya zama makamin masu adawa da madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wadda har yau ba a kammala ba. A 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin muhimman dausayin duniya na Ramsar. A 2006 kuma, bayan taron gwamnoni a Damaturu, jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka amince da asusun haɗin gwiwa na kula da kogunan.

To amma wanda ya tsaya a bakin Marma yau zai ga iyakar nasarar. Ciyawar kachala ta fi mutum tsawo, ta cunkushe hanyar ruwa har kwale-kwale sai ya bi siririyar kafar da masunta suka sare da lauje. Ruwa ya kwanta a gonakin da ba a son sa, wasu gonakin kuma sun bushe, jan-baki ya samu maɓoya yana sauka kan shinkafa da gero. Saƙo ya isa Abuja da Landan, amma yawancin rahotannin da Turanci aka rubuta su, kuma da kuɗin kowane shiri ya ƙare sai tarurrukansa su ƙare tare da shi.

Ribar da ake gani

Amfani na farko shi ne tambayar bincike ta fara fitowa daga bakin masu matsalar. Misali na kusa shi ne aikin kachala da aka yi ƙarƙashin shirin TRIMING mai tallafin Bankin Duniya, inda Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ta haɗa hannu da Jami'ar Maryland ta Amurka da wata jami'ar fasaha ta Madrid. Manufarsa a mayar da ciyawar abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Irin wannan aiki yana da sauƙin karewa a gaban alƙalai, domin makiyayi mai neman harawa da rani da matar da hayaƙin murhu ke damu suna nan, ana iya ƙirga su, ana iya komawa a tambaye su.

Na biyu, iya isar da saƙo yana jawo kuɗin gida. Masanin ƙwaƙwalwa Mahmoud Bukar Maina, ɗan asalin Nguru da ke aiki a Jami'ar Sussex, ya shafe shekaru yana shirya bukukuwan kimiyya ga ɗalibai da malamai, yana horar da masana kan yadda za su yi wa jama'a bayani. Wannan share fage ya taimaka wajen kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe a 2021, da goyon bayan gwamnatin jiha da kayan aikin da aka samo daga waje. Cibiyar ce ta ɗauki binciken ciwon ƙoda da ya addabi Gashuwa da kewayenta.

Batun ƙodar ya nuna cewa wayar da kai ɓangare ne na binciken kansa. Mutane sun daɗe suna zargin ruwan sha ko maganin feshi, kowane gida da nasa hasashe. Mai zuwa ɗibar jini da fitsari a irin wannan gari dole ya fara da fadar Mai Bade, ya bi ta lawanai da bulamai da limamai, ya yi bayani da Hausa da Badanci da Barbarci. Tambayar da tsoho zai yi masa a zaure guda ce: idan kun gano abin da ke jikina, za ku dawo ku faɗa mini? Takardar da ba ta ware kuɗin wannan dawowa ba ta bar wa mai bincike na gaba ƙofa a rufe.

Illar da ke biye

Illa ta farko alkawarin baka. Tunda maki ake nema, sai a cika sashen tasiri da manyan kalamai, a ce aikin shekara biyu zai kawar da talauci. Hukumar bincike ta Birtaniya, UKRI, da kanta ta soke takardar tasiri ta daban a 2020, ta ce a saka maganar cikin jikin aikin. Ta biyu rashin daidaito. Manyan jami'o'in Turai suna da ofis na musamman mai gyara takarda, da tsara kasafi, da jami'in yaɗa labarai. Malami a sabuwar jami'a shi ne marubuci, shi ne akanta, ga ɗalibai cike da aji, ga wuta da intanet na wasan ɓuya. Sakamakon haka, sau da yawa baƙo ne ke jagorantar aikin kuma shi ke riƙe da lalita, ɗan gida ya zama mai tattara bayanai da tafinta.

Ta uku, binciken da amfaninsa ba ya bayyana da wuri yana rasa mai saye. Auna zurfin ruwan ƙasa ko ƙirga tsuntsaye shekara bayan shekara ba ya ba da hoton da za a sa a rahoto, alhali lissafin Barbier da abokansa bai yiwu ba sai da irin waɗannan bayanai na haƙuri. Ta huɗu ta fi haɗari: gaggawar shela. Idan aka sanar a rediyo cewa kaza ne ke kawo ciwon ƙoda kafin hujja ta nuna, ana iya karya kasuwar masunta ko manoman shinkafa a banza, kuma janye magana ya fi furta ta wuya.

Inda ma'auni ya rinjaya

Idan aka ɗora riba da illa, riba ta fi nauyi ga wannan yanki, da sharaɗin a gina ƙwarewar a gida. Jami'ar Gashuwa da asibitin Nguru da kwalejojin yankin suna iya haɗa ƙaramin ofis guda na tallafa wa masu neman kuɗin bincike, mai mutum uku: mai gyara rubutu, mai kasafi, da mai hulɗa da jama'a wanda ya ji harsunan yankin. Kowace takarda ta ware layi a kasafi domin fassara, da lokacin rediyo, da komawa garuruwan da aka yi aiki. A zauna da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin manoma da makiyaya da mata tun kafin a rubuta shafin farko, a kuma nemi malaman gona da cibiyar NAERLS ta Zariya, waɗanda kai bincike gona shi ne sana'arsu. Duk yarjejeniya da jami'ar waje ta fayyace wa ke riƙe da bayanai, kuma kashi nawa na kuɗin zai sauka a Yobe.

A sashen tasiri kuma, alkawari ƙarami mai auno ya fi babba marar kama: ƙauyuka nawa, cikin wata nawa, wa zai je ya tabbatar. Alƙalin takarda yana gane wannan, bulama ma yana ganewa, kuma amincewar bulaman ce za ta sa a samu tallafi na biyu.