Zaɓen Koto Bayan Ruwan Sama: Yadda Masu Fatsa a Amurka Ke Farautar Kifin Bas

A tafkunan Amurka irin su tafkin Ozarks a jihar Misuri, masu gidajen bakin ruwa kan kafa dandamalin katako inda suke ɗaure kwale-kwalensu. Ƙarƙashinsa kifin bas mai faɗin baki yake fakewa, domin akwai inuwa, ga kuma ƙananan kifaye da ke kewaya ginshiƙai. Mafarauci ne kamar giwan ruwa, kwanton ɓauna yake yi. Wanda wani mai fatsa, George Perry, ya kama a Jojiya a 1932 ya kai kilo 10.

Galibi koton roba ko na ƙarfe ake jefa masa, kuma da zarar ruwan sama ya ɗauke sai zaɓen ya canza. Kwararar ruwa daga tudu tana kwaso tana da ƙwari, ƙananan kifaye su taru, bas ya biyo su gaɓa. Amma tana kwaso laka ma, ruwa ya dame, ido ya rage amfani. A nan kifin yakan dogara da wani layin jijiyoyi da ke gefen jikinsa, wanda ke jin motsin ruwa ko a duhu. Shi ya sa gwanaye ke ɗaura koto mai faranti zagayayye, wanda ke juyawa yana dukan ruwa, ko mai ɗan ƙarfe a goshi da ke karkarwa. A ja shi a hankali har ya gogi ginshiƙi, don a irin wannan ruwa bas manne yake da katako, ba zai yi nisa ya bi abinci ba. Launi kuwa baƙi da shuɗi, ko ruwan ɗorawa mai haske. Baƙin yakan ba sabon shiga mamaki, alhali shi ne ke fitar da surar koto sosai a cikin laka.

Wurin da na fi ba muhimmanci shi ne inda damammen ruwa ya haɗu da garau. Dandamalin da ya faɗa kan wannan iyaka ya cancanci jifa goma.

Washegari kuma, idan hadari ya wuce, gari ya waye tas, sai kifin ya shige can lungu ya yi shiru. Koto mai hayaniya ba ya ci. Sai tanar roba mai laushi irin ta Senko, mai launin kore-kore, a wurga ta ƙasa-ƙasa ta yi tsalle a fuskar ruwa har ta shige ƙarƙashin katako, a bar ta ta nutse da kanta. Sau da yawa ba za ka ji fizga ba, zaren kawai za ka ga ya tafi gefe.

Zafin ruwan ma abin lura ne. Ruwan sama a tsakiyar zafi yana sanyaya tafki ya motsa kifi, amma mai sanyi a farkon shekara kashe masa jiki yake yi. Idan ruwa ya haɗa sanyi da laka, gara mai fatsa ya nemi wani ɓangaren tafkin da bai dame ba.