Tasirin maganin ƙwari a kan ƙwarin gona da abokan gābarsu

Maganin ƙwari sinadari ne da manoma ke fesawa domin kare amfanin gona. Sai dai yawancin magungunan ba sa bambance ƙwaro mai ɓarna da mai amfani. Wannan batu ya shafi manoman rani na kwarin Rima a gabashin jihar Sakkwato, kamar na Wurno da Lahodu da Goronyo, inda ake noman albasa da tafarnuwa da tumatir da shinkafa.

Ƙwari masu ɓarna

Ƙaramin ƙwaron Thrips tabaci yana tsotse ruwan ganyen albasa har ya yi fari-fari. Tsutsar Helicoverpa armigera kuwa tana huda tumatir da auduga da wake, kuma tana cin kan furen sunfulawa, shukar da ake tatsar mai daga 'ya'yanta.

Abokan gāba

Akwai halittun da ke rage waɗannan ƙwari ba tare da manomi ya kashe ko kwabo ba. Daga cikinsu akwai gizo-gizo da tururuwa da tsuntsaye, da ƙananan zanzaro irin su Trichogramma, waɗanda ke saka ƙwansu a cikin ƙwan tsutsa su hana shi ƙyanƙyashewa.

Illar yawan feshi

Tsutsar da ta shige cikin tumatir takan tsira daga feshi, amma masu farautarta da ke yawo a kan ganye sukan mutu. Ƙwarin ɓarna sun fi saurin hayayyafa, saboda haka sukan dawo fiye da yadda suke a da. Yawan amfani da magani iri ɗaya kuma yana sa ya daina kama su. A 1986 gwamnatin Indonesiya ta haramta fesa magunguna 57 a gonakin shinkafa saboda irin wannan matsala. A gonar sunfulawa, feshi lokacin fure yana kashe ƙudan zuma masu yi wa shukar barbara.

Hanyoyin kariya

Masana na ba da shawarar a duba gona kafin feshi, a riƙa sauya magani, a yi feshi da yamma, a kuma gwada ruwan 'ya'yan dogon yaro. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, cibiyar binciken noma ta INRAN tana sakin zanzaron Habrobracon hebetor domin yaƙar tsutsar zangarniyar gero.