YADDA A KE GIRKA KYAMARORI DON BIN SAWUN ƘARAMIN ABU

A hutun da ya wuce na yi mako biyu a wani ɗakin gwaje-gwaje inda a ke auna motsi da kyamara. Aikin da aka ba ni shi ne in bi sawun wani ɗan katako, bai fi akwatin ashana ba, an rataye shi da zare yana lilo. Na ga ya kyautu in bayyana wa 'yan'uwa yadda a ke yi, musamman waɗanda za su koyar da kimiyya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun wajen 1883 wani Bafaranshe, Etienne-Jules Marey, ya kan sa wa mutum baƙaƙen tufafi masu fararen layuka, ya yi ta ɗaukar hotonsa yana tafiya, don layukan kaɗai su fito. Yau kuwa 'yan ƙwallaye a ke mannawa, masu mai da haske inda ya fito, kamar alamun gefen hanya in fitilar mota ta haska su. Kowace kyamara tana da fitilu kewaye da gilashinta, suna ba da wani haske da idon mutum ba ya gani. Kamfanoni irin su Vicon na Ingila, da Qualisys na Suwidin, da OptiTrack na Amurka, duk a kan wannan hanya su ke.

Me ya sa kyamara ɗaya ba ta isa? Miƙa yatsanka, ka rufe ido ɗaya, sa'an nan ka buɗe shi ka rufe ɗayan. Ka ga yatsan ya yi tsalle? Da wannan bambanci ne ka ke gane nisa. Haka kyamara ɗaya ta kan san shiyyar da ƙwallo ya ke, amma ba ta san nisansa ba. Sai biyu sun gan shi a lokaci ɗaya, inda layin dubansu ya haɗu, nan ya ke. Uku sun fi, don in abu ya tare wa ɗaya, biyu na gani. Mu shida muka girka.

To, ga inda ƙaramin abu ya ke ba da wuya. Ƙwallon da a ke manna wa mutum ya kan kai milimita 14, amma ɗan katakona sai na milimita 4. Hoton kyamara kuwa ɗigo-ɗigo ne, kwamfuta tana neman tsakiyar ƙwallo ta wurin auna ɗigogin da ya cika. In biyu ko uku kaɗai ya cika, tsakiyar sai ta yi ta rawa, ka ga abu yana kwance amma lissafi ya ce yana motsi. Da fari na zaci ƙarin kyamarori shi ne magani. Ashe matsowa ce. In ka rage rabin nisa, faɗin ƙwallo a hoto ya ninku biyu. Muka sauko da su daga bango, muka kewaye tebur da su, nisan mita ɗaya da rabi, waɗansu sama waɗansu ƙasa. Sa'an nan dole a sake murɗa gilashin kowacce har ƙwallon ya fito sarai, domin da can nesa aka saita ta. Kada ka jera su kafaɗa da kafaɗa, don layin dubansu zai kusa zama ɗaya, nisa ya ɓace. Kada kuma biyu su dubi juna ido da ido, kowacce za ta ɗauki fitilar 'yar'uwarta ƙwallo ne.

Bayan haka a rufe taga, gama hasken rana yana ɗauke da irin hasken nan. A kawar da duk abin da ke ƙyalli. Agogona ma sai da na cire. A bar kyamarori a kunne kamar rabin sa'a su ɗumama. Sa'an nan a ɗauki wata sanda mai ƙwallaye, waɗanda an san tazarar da ke tsakaninsu daidai, a yi ta kaɗa ta ko'ina a wurin aikin. Daga nan ne kwamfuta ta ke lissafa mazaunin kowace kyamara. Daga ƙarshe a ajiye wani ma'auni mai kusurwa a kan tebur, shi ne mafarin awo.

Kuskure biyu na yi. Ana bukatar ƙwallaye uku aƙalla kafin a san juyawar abu, ni kuwa don son tsari na manna huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Kwamfuta ta kasa rarrabe gaba da baya, ta riƙa kifar da katakon a lissafi. Sai da na warwatsa su, tazarar kowanne dabam, ba kuma kurkusa ƙwarai ba, don kada biyu su haɗu su zama ɗaya a hoto. Na biyun, ƙafata ta taɓa ƙafar wata kyamara, na yi shiru don ban ga ta gusa ba. Awon ranan nan duk zubar da shi aka yi, kashegari da safe na sake ɗaukar sanda.