Garba ya dawo gida: abincin baƙi da barkwancin maƙwabta a biranen Nijar

A birnin Abijan, idan saurayi ya ce zai je ya ci garba, babu wanda zai zaro ido. Garba a can sunan abinci ne: aceke, wato tsakin rogo da aka turara, da soyayyen kifin teku da ake kira ton, a yanka albasa da tumatir da ɗanyen attarugu a kai, a marmasa dunƙulen magi, sannan a kwarara man da aka soya kifin. Da hannu ake ci, galibi a kan benci, a rumfunan da ƴan birnin ke kira garbadrom. Shi ne abincin ɗalibi da ɗan tasha da lebura, saboda yana da araha kuma yana riƙe ciki har yamma.

Sunan kuwa daga Nijar ya je. Bayanin da ya fi yaɗuwa a Kodebuwa shi ne, ƴan Nijar masu zuwa biɗa ne suka riƙe wannan sana'a, kuma da yake Garba suna ne da ya yi yawa a cikinsu, sai masu saye suka riƙa kiran kowane mai rumfa da shi, daga baya sunan ya koma kan abincin. Rogon na ƙasar ne. Kifin daga tashar jiragen ruwan Abijan yake fitowa, akasari wanda masana'antun kifin gwangwani suka tsame. Albasar da ake yankawa a kai, sau da yawa ƴar Galmi ce.

Yanzu abincin ya biyo masu soya shi gida. Ana samun aceke da kifi a bakin titunan Yamai da dare, kuma duk garin da ke da ƴan biɗa masu yawa, musamman a ƙasar Adar, ba a rasa wanda ya iya haɗa shi. Sai dai saye a bakin titi harkar samari ce. Tsoho mai gida da uwar gida ba su zama a benci su gwada abin da ba su sani ba. Su, baƙon abinci ta ƙofar gida yake iske su, a cikin kwanon maƙwabta.

Kwanon da ba ya komawa wofi

Al'adar tsohuwa ce. Bayan magariba yaro ya yi sallama da kwano ko kula a hannu, ya ce in ji mamansa. A karɓa, a yi godiya, a ba shi tukuici, kuma ba a son kwanon ya koma wofi. A ƙofar gida maza na fito da nasu kwanukan su yi ciyayya, samari kuma su haɗa nasu a fada kafin a ɗora shayi. Malamai na yawan tunatar da hadisin Abu Zarri da Muslim ya ruwaito, inda aka hore shi da ya ƙara wa romo ruwa don maƙwabta su samu. A azumi abin ya fi yawa, a Sallar layya kuma, bayan an gasa raguna a jikin itace an kwana, washegari nama ke zagaya unguwa, har gidajen da ba Musulmi ba.

Abin da ya sauya shi ne su wane ne maƙwabtan. A gidajen haya na Yamai, a Bukoki ko Talaje ko Harobanda, tsakar gida ɗaya na iya haɗa Bahaushen Maraɗi da Bazabarme da tela ɗan Senegal da malamin lakwal ɗan Benin da wata tanti ƴar Togo mai sayar da abinci. Cibiyar AGRHYMET da makarantar harkokin jiragen sama ta EAMAC sun daɗe suna kawo ɗalibai daga ƙasashen Afirka daban-daban. A Maraɗi da Damagaram ma akwai Yarbawa da Ibo da suka yi shekaru suna kasuwanci, wasu a nan aka haifi ƴaƴansu. Kowa da tukunyarsa, kuma ƙamshi ba ya neman izini kafin ya tsallake katanga.

Matsalar ita ce, kwanon da aka aiko ba a ƙin karɓa, amma ba kowane ne ake iya ci ba. A nan barkwanci ke shigowa.

Ƴan Nijar sun riga sun mallaki kayan aikin. Wasan taubasai, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2014 da sunan Nijar, ya ba Bagobiri damar ya ce wa Bazabarme bawansa, ya ba Babarbare damar ya tsokani Bafillace, kuma haramun ne a yi fushi. Rabin wannan tsokana a kan abinci take: wane ba ya rabuwa da nono, wane ganye kawai ya sani, wane ya cinye waken gari. Ɗan Togo ko ɗan Senegal ba ya cikin wannan tsari a asali. Amma da zarar an fara musayar kwano, sai a jawo shi ciki, a yi masa irin wasan da ake yi wa taubashi. Ranar da mai gida ya fara ce wa maƙwabcinsa ya zo ya ɗauke wannan dabbar mai ƙafa goma daga cikin miya, ranar ce baƙon ya daina zama baƙo.

Ƙaguwa da fara

Dabbar mai ƙafa goma ita ce ƙaguwa. Mutanen bakin teku na Benin da Togo na sa ta a miyar kuɓewa tare da jatan lande da manja, a ci da akasa, wato ƙullun masara mai tsami da ake naɗewa a ganye. Ga wanda ya tashi a Dakwaro ko Tanut, inda ko kifin ruwan daɗi sai an kawo daga nesa, buɗe kwano a ga ƙaguwa ta ɗaga hannu abu ne mai tsinka zuciya. Tambayar farko ita ce ko ta halatta. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin ƴan Nijar ke bi, duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne. Ke nan ƙyama ce kawai, ba hukunci ba, kuma ƙyama abin dariya ce.

Ita ma tanti tana da abin mayarwa. Ta ga buhunan fara a kasuwar Katako, ta ga yaran gidan suna cin ta soyayya da yaji kamar gyaɗa. Don haka idan aka ce mata tana ciyar da mutane kunamar ruwa, sai ta tambaya ko wanda ke cin ƙwaro mai fiffike yana da bakin magana. Idan aka yi ƙorafin warin busasshen kifinta, sai ta nuna daddawar batso. Nan gardama ke tsayawa, domin kowa ya san warin daddawarsa bai dame shi ba don da shi ya girma.

Cep ɗin Senegal bai sha irin wannan wahala ba, domin shinkafa ce, kuma ya daɗe da zama abincin suna da biki a Yamai. Amma cep na asali, wanda Wolof ke kira cebu jen, ya fi shinkafa da mai da aka saba gani. Da karyayyar shinkafa ake yi, a tsaga kifi a cusa masa dakakken ganyen fasili da tafarnuwa da barkono, a dafa da kabeji da karas da rogo da yalo, a ƙara busasshen kifi mai wari da wani naman katantanwar teku da aka tsima, wanda suke kira yet. Shi ne ke ba romon ɗanɗanonsa, kuma shi ne ke sa maƙwabci Bahaushe ya tsaya yana juya cokali yana tambaya. Birnin Saint-Louis ake danganta wannan girki da shi, kuma UNESCO ta karɓe shi a 2021. Akwai wuri ɗaya da ba a gardama: ƙanzo. Ƴan Senegal na kankare shi su ɗora a gefen tire a matsayin abin marmari, Bahaushe kuma tun yana yaro yake faɗa a kansa.

Shi kansa aceke, tsokanar da ake yi masa ita ce dambu ne da ya kwana ya yi tsami. Kamar kuwa akwai, tunda dukansu tsaki ne da ake turarawa. Amma tsamin ba lalacewa ba ne. Matan ƙabilun da ke zaune a bakin ruwan kudancin Kodebuwa, irin su Ebriye da Ajukru, suna feraye rogo, su markaɗa shi tare da wani rogon da aka riga aka tsima, su bar shi ya kwana, su matse ruwan, su murza shi ya zama ƙwaya-ƙwaya, su shanya, sannan su turara. Tsimawar da matsewar su ne ke fitar da dafin da ke cikin rogo mai ɗaci. Aikin kwana biyu zuwa uku ne, kuma a watan Disamban 2024 UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerinta.

Wanda ya fi ban dariya shi ne wagashi, cukun arewacin Benin mai laushi da ake soyawa a sa a miya. Sau da yawa ana ɗaukarsa abincin ƴan kudu, alhali Fulani ne ke yin sa, kuma abin da ke daskarar da madarar tumfafiya ce, wadda ke tsiro a bayan kowane gari na Nijar ba mai kallonta.

Tafiyar ma ba ta hanya ɗaya ba ce. A Ghana, wace da ake ci da safe shinkafa da wake ce, daga kalmar wake sunan ya fito. Tuo zafi tuwon zafi ne, kose ƙosai ne, koko kuma ko sunan bai sauya ba. Hausawan zango ne suka yaɗa su. Waɗanda suka dawo daga Libiya kuwa sun zo da makaronin da ake dafawa a tukunya ɗaya cikin romon tumatir da barkono, wanda ƴan can ke kira mbakbaka, kuma duk fadar da ke da tsohon ɗan Libiya ta san shi.

Inda wasa ke ƙarewa

Ba kowane kwano ne ke samun wannan tarba ba. Akwai gidajen da ake karɓa da fara'a, yaro na juya baya a ba almajiri ko a zubar. Wani tsoron barbaɗe ne, wani kuma shakkar naman: wa ya yanka, an sa giya a girkin, tukunyar ta taɓa dafa alade? Shakka ta biyu tana da tushe, kuma maganinta tambaya. Maƙwabta Kirista da suka daɗe a Nijar sun san wannan, shi ya sa da yawansu kifi suke aikowa, ko su sayi nama wajen mahaucin unguwa da kowa ya sani. Wasa yana sauƙaƙa tambayar. Uwar gida na iya cewa, cikin dariya, tanti ta rantse ba ta sa mata abin nan ba, tanti ta ce ta je ta tambayi sarkin fawa. An tambaya, an amsa, ba wanda ya ji kunya. Zubar da abinci a ɓoye kuwa ba ya ɓoyuwa a tsakar gida ɗaya, kuma daga ranar da aka gane, kwano ya daina zuwa.

Akwai kuma wasan da ba wasa ba ne. Taubashi yana tsokana ne a gaban mutum, kuma yana tsayawa a rama. Wanda ke cewa mutanen ƙasa kaza kare suke ci, ko ƙazamai ne, a bayan idonsu ko a WhatsApp, ba taubastaka yake yi ba. Ƴan Nijar da ke zaune a Abijan ko Kwatano ko Aljeriya sun san ɗacin irin wannan magana, don su ma an yi masu.

Shekarun nan sun ƙara wa lamarin nauyi. A ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan juyin mulki, CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma ɓangaren Nijar bai buɗe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ba, fasinjoji suka koma tsallaka kogin Isa da kwalekwale, manyan motoci kuma suka koma bin hanyar Lome ta cikin Burkina Faso. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar. Doguwar hanya ta ƙara wa kayan da ke zuwa daga bakin teku tsada, har da kifi da manja da agade, abin da ke nufin kwanon tanti ya fi cin kuɗi fiye da da. Maganganu tsakanin Yamai da Kwatano da Abijan sun yi zafi a rediyo da Facebook, alhali ɗan Benin ɗin da ke ɗakin kusa shi ne dai wanda ke koya wa yaran gidan lissafi da yamma, kuma a Adjame ko Abobo akwai wani Garba daga Adar da rumfarsa ta dogara ga ƴan Kodebuwa masu zuwa karin kumallo. Siyasa ba ta cika zama abin wasa a tsakaninsu ba, ana kauce mata. Ƙaguwa da fara ne suka rage abin gardamar da kowa ke iya shiga ba tare da tsoro ba.

A can ma kwanon yana yawo. Ɗan biɗa da ya je ganin gida ba ya komawa hannu wofi: kilishi a naɗe cikin takarda, cuku, dakakken yaji, garin fura, wani lokaci da ƙullin fara. Kilishin ba ya kwana, maƙwabta sun san shi kuma suna jiransa tun kafin motar ta iso tasha. Cuku sai an yi bayani, a ce a jiƙa shi a shayi kafin haƙori ya tafi. Farar ce ake ajiyewa sai an taru da dare, a zuba a faranti a tsakiya, a ga wanda zai fara miƙa hannu.